Ga masu sabon zomo a gida

Jama'a in kun sayo zomo don Allah ku bar shi ya huta kwana 3 haka, kar yara su yi ta ɗaukarshi, balle a kama shi ta kunne. Ni nawa da na kawo ya lafe a lungu yana ta buga ƙafa a ƙasa, ashe tsoro ne. Kwali na huda mai na aje inuwa nesa da mussa da ƙarar janareto, don zafin Sakkwaton nan kashe su yake, ruwa kar ya yanke. Bayan la'asar sai in zauna ƙasa shiru da harawa a hannu, shi da kanshi ya zo yana shinshina. Amma in ya wuni bai ci ba bai yi kashi ba, ku kai shi wurin likitan dabbobi.