Yadda Ake Gane Ciwon Kumburin Ƙoda a Kifi da Rage Asararsa

Ciwon kumburin ƙoda yana kama kifayen ruwan sanyi irin su tirawut da salmon, na kogi da na kiwo, kuma wata ƙwayar cuta mai suna Tetracapsuloides bryosalmonae ce ke haddasa shi. Ba daga kifi zuwa kifi take yaɗuwa kai tsaye ba. Tana girma ne a jikin wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka da ke manne wa duwatsu da saiwoyi a ƙarƙashin ruwa, daga nan ta shiga kifi ta wurin numfashinsa.

Abu na farko shi ne a riƙa auna zafin ruwa kullum, domin cutar ba ta cika tsananta ba sai zafin ya haura digiri 15 ya daɗe a haka. A irin wannan lokaci na Agustan 2016 ne dubban kifaye suka mutu a Kogin Yellowstone na Amurka, har hukuma ta rufe wani sashensa.

Idan aka ga kifi ya yi duhu, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun firfito, a ɗaga murfin kuncinsa: jan naman numfashi zai koɗe saboda ƙarancin jini. A farke cikin, a duba ƙodar da ke kwance a jikin ƙashin baya. Ta mai lafiya siririya ce mai duhun ja, ta marar lafiya kuwa takan kumbura ta yi toka-toka da gudaje, saifa ma ta ƙara girma. Sai a kai samfuri ga likitan dabbobi ya tabbatar.

Ba a da wani amintaccen magani ko rigakafi, don haka a ganina sayen magunguna ɓarnar kuɗi ce. Abin da ke aiki shi ne zaɓen lokaci. Kifin da ya kamu ya warke yakan samu garkuwa, shi ya sa masu kiwo ke jinkirta zuba ƙananan kifi a ruwan kogi har zafi ya fara sauka, su kamu sama-sama, su shiga zafin baɗi da ƙarfinsu. Kafin nan a rene su a ruwan rijiyar burtsatse. Idan cutar ta riga ta ɓulla, a rage abinci da cunkoso, a ƙara iska a ruwa, a daina kama su ana tantancewa, domin kifin da jininsa ya ragu wahala kaɗan ke kashe shi. Taru da takalman da suka shiga wani ruwa kuma a wanke su, a shanya su bushe sarai kafin a kai su wani.