Kafin ka sayi na'urar karatu, leƙa laburaren unguwarku

Wanda ya sauka Ingila a watan Satumba, kafin ya gama gane hanyar masallaci da shagon naman halal, dare ya fara tsawo. Zuwa Disamba, ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba rana ta faɗi. A lokacin ne mutum ke neman abin karantawa, a lokacin ne kuma shaguna ke karya farashin na'urorin karatu, wato na'urori masu allo da ake karanta littafi a kansu. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Je ka yi katin laburare.

Katin kyauta ne, yawanci shaidar adireshi kawai za a nema. Idan an miƙo maka shi, ka tambayi ma'aikacin wurin da wace manhaja suke ba da aron littattafai. Mafi yawa za a ce maka Libby ko BorrowBox, kuma dukansu suna aiki a wayar da ke aljihunka. In wa'adin aro ya cika littafin ya koma da kansa, babu tara, babu fita cikin ruwan sama.

A nan ne sabon zuwa ke tuntuɓe. Ɗan'uwanka da ke Amurka zai ce maka shi a Kindle, na'urar karatu ta kamfanin Amazon, yake karanta littattafan aro, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai tura littafin Libby zuwa Kindle a laburaren Amurka kaɗai ake yin sa. A Ingila da Kanada, na'urar da ke ɗasawa da Libby ita ce Kobo, daga cikinta ma kake aron. A Jamus kuwa tsarin aron laburare Onleihe ne, abokiyar tafiyarsa kuma Tolino, wadda manyan shagunan littattafan ƙasar suka fito da ita a 2013. Kindle na'ura ce mai kyau ga mai sayen littafi daga Amazon. Ga mai dogaro da aro a Turai, ba ita ba ce.

Dalilin yana cikin irin fayil ɗin. EPUB, wanda aka tsayar a 2007, shi ne na gama-gari, kuma halin ruwa gare shi: duk mazubin da ka zuba shi sai ya bi siffarsa. Ka ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa da kansu. Amazon kuwa nata take amfani da su, AZW3 da KFX. Tun 2022 tana karɓar EPUB ta hanyar Send to Kindle, ta juya shi zuwa nata, amma fa wanda ba a kulle ba. Littafin laburare a kulle yake zuwa, wannan kullen shi ake kira DRM. Wani lokacin za ka sauke littafi a kwamfuta ka ga wani ɗan mitsitsin fayil mai ƙarewa da .acsm, ka danna ya ƙi buɗewa. Ba lalacewa ya yi ba, tikiti ne kawai. Manhajar Adobe Digital Editions ce ke karɓar tikitin ta ɗauko ainihin littafin, kuma asusu ɗaya na'urori shida yake ɗauka. Ka buɗe shi da adireshin imel ɗinka na kanka, kada ka yi da na jami'a, don ranar da ka gama karatu za su rufe shi.

Sai kuma kayan da muka taho da su daga gida, waɗanda babu mai yi maka bayaninsu a nan. Kusan kowannenmu wayarsa cike take da PDF: littattafan Hausa da ake turawa a WhatsApp, takardun makaranta, littattafan fiƙihu da na ajami da wani bawan Allah ya ɗauki hoton shafukansu ɗaya bayan ɗaya. PDF shafi ne daskararre, yadda aka tsara shi haka zai zauna. A allon na'ura mai inci 6 sai rubutun ya koma kamar sahun tururuwa, kana ja kana matsawa har karatun ya fita daga ranka. In asalin fayil ɗin rubutu ne da aka buga a kwamfuta, Calibre, manhajar kyauta, tana iya mayar da shi EPUB, ko da yake wani lokacin lambobin shafi kan faɗo tsakiyar zance. In kuwa hoton shafuka ne, kada ka wahalar da kanka. Na taɓa ɓata daren Asabar guda ina ƙoƙarin juya wani littafin Larabci irin wannan, ban san babu harafi ko ɗaya a cikinsa da kwamfuta za ta gane ba, hotuna ne zalla. Irin waɗannan sai kwamfutar hannu mai faɗin allo, inci 10 ko sama, ko da wadda aka yi amfani da ita ce.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna da tasu rigimar. Ka buɗe littafin Hausa ka tarar ƙ da ɗ da ɓ sun zama 'yan akwatuna, ko sun fita dabam da sauran haruffan kamar baƙi a biki. Laifin salon haruffan da na'urar ta zaɓa ne, littafin lafiyarsa ƙalau. Fara da canza salon daga cikin waɗanda ke na'urar. In duk sun gaza, sauke Charis SIL ko Andika, kyauta ne kuma an yi su da harsunan Afirka a zuciya. Haɗa na'urar da kwamfuta ta waya, ka zuba su a jakar da ake kira fonts. Kobo da Kindle duk suna karɓa.

Kafin ka canza waya, musamman in daga Android za ka koma iPhone, kwashe waɗannan fayilolin ka ajiye a kwamfuta. Wanda ya turo maka su shekara biyar da suka wuce wataƙila ya bar zauren WhatsApp ɗin tuni, ko shi ma wayar tasa ta canza.