Yadda za ka nemo 'yan gida idan ka sauka Maradi

Ni a wani ƙauye na tashi arewa da Dakoro, bakin kwarin Tarka, inda rijiya ke da zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya ya ja guga. Da na zo Maradi sai da na yi wata 4 ina kwana a shagon maigidana ban ji bakin ɗan wajenmu ko ɗaya ba. Ba na son ƙannena su sha wannan kewa.

Fara da tasha. Hau kabu-kabu ka ce a kai ka inda motocin Dakoro ke lodi, ka samu benci wurin mai shayi ka kasa kunne. Sunayen garuruwa za su yi ta tashi, Kornaka, Bermo, Sakabal. Wanda ya ambaci wajenku, matsa ka yi masa sallama.

A nan ne yara ke kuskure. Kada ka buɗe baki da neman aiki ko rance. Idan dattijo ne durƙusa, ka ce, "Baba, ina gajiya? Na ji kun ambaci wajenmu." Zai tambaye ka ɗan wane ne kai. Sunanka ba zai gamsar da shi ba, sai ka kawo na mahaifinka da na kakanka da gidan da aka auro mahaifiyarka, don haka ka tambayi iyayenka waɗannan tun kafin ka baro gida. Ni wata tsohuwa mai sayar da fura ce ta gane ni. Ina faɗin sunan kakata ta ajiye ludayi, ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, ai tare muka yi gudun yunwar 1984 da ita." Ta dama mini fura, ta ƙi karɓar ko dala.

Daga nan a sa ka cikin zauren WhatsApp na 'yan garinku, ka kuma nemi fadarsu, wato inda suke zaman hira da yamma. Amma waya ba ta isa ba, zumunta a ƙafa take. Suna, ɗaurin aure, musamman zaman makoki, ka je ko da jika guda ce a aljihunka. Wanda ya gan ka kan tabarmar ta'aziyya ba ya manta fuskarka.

Adashe kuwa ka dakata sai ka san mutane. Zama ɗan gari ɗaya bai hana wani cin amana ba, na taɓa asarar zubin wata 3.

Duk lokacin da za ka gida, zagaya ka yi sallama ka karɓi saƙo: sabulu, magani, 'yan kuɗin cefane. Rubuta sunan kowa a jikin ƙullinsa, ka miƙa hannu da hannu. In ka dawo, fara da gidan tsofaffi, ka ba su labarin damina da yadda hatsi ya yi da wanda ya rasu.