Sauya saitin rezo a USB armory

USB armory 'yar kwamfuta ce da ake sokawa a ramin USB. Kwamfutarka na ganin ta kamar katin rezo: ita tana 10.0.0.1, kai kana 10.0.0.2, kuma ta wajenka take samun intanet.

Rigimar takan taso ne idan ka hau wifi na wani ofis a Yamai, ka tarar su ma 10.0.0.x suke rabawa. Adireshi ya yi karo, SSH (hanyar shiga cikinta daga kwamfutarka) ya yi tsit.

Kashe wifi tukuna, ka shiga ta SSH. Kwafi fayil ɗin saitin rezonta, /etc/network/interfaces, ka adana, kada ka yi kasalar wannan. Sannan a cikin fayil ɗin, ƙarƙashin usb0 (sunan katin rezonta), mayar da address zuwa 10.0.9.1, gateway zuwa 10.0.9.2. In tana raba adireshi da kanta ta DHCP, gyara saitin DHCP ɗin ma, nan ne aka fi mantuwa. Sake kunna ta, ka ba ɓangarenka 10.0.9.2.

Ping (gwajin ko tana amsawa) na tafiya amma babu intanet? Dokar NAT ta kwamfutarka, wadda ke miƙa mata intanet, ce ke riƙe da tsohon adireshi.

In harafi guda ya kuskure har ta ƙi amsawa, zare microSD ɗin, buɗe shi a wata kwamfutar Linux, ka mayar da kwafin nan.