Yawan ruwan da lambun gida ke buƙata a Legas idan ana ban-ruwa da tiyon ɗigo

Lissafin daga faɗin ƙasa yake farawa. A rani, daga Nuwamba zuwa Maris, kayan lambu da suka cika ganye suna shan kimanin lita 4 zuwa 5 a kowace murabba'in mita kullum. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 kenan yana son lita 20 zuwa 25, wato jarka guda ta 'yan garuwa. Dashen da bai wuce mako biyu ba rabin haka ya ishe shi, amma kada ya yi fashi.

Ka ɗora durom ko bokiti a kan abin da ya kai mita 1 zuwa 1.5 daga ƙasa, ka sa famfo da matata a bakinsa, ka shimfiɗa tiyon ɗigo, wato mai ƙananan hudoji da ruwa ke ɗiga ta cikinsu, layi biyu a fangalin. Idan tazarar hudojin santimita 30 ce, za ka samu huda kusan 33. Kada ka dogara da adadin ruwan da aka rubuta a jikin tiyon cewa kowace huda na fitarwa a awa, don ruwan durom ba shi da ƙarfin na injin. Ka tara kofi a ƙarƙashin huda ɗaya na minti 15, ka auna, ka ninka sau huɗu. In ya ba ka lita 1 a awa, minti 45 zai sauke jarka guda. Ka gwada hudar farko da ta ƙarshe; in bambancin ya yi yawa, layin ya cika tsawo ko ƙasar ba ta daidaita ba.

Irin ƙasa ke nuna yadda za a raba ruwan. Rairayin Lekki, Ajah da Badagry ba ya riƙe danshi, sai a raba biyu, safe da la'asar. Jar ƙasa irin ta Agege da Ikorodu sau ɗaya da safe ya wadatar. Bayan awa guda ka tona da yatsa: danshi ya kai santimita 15 ga alayyafo, lalo da latas, 30 ga tumatir, attarugu da kuɓewa. Tumatir ba ya son yau ƙishi gobe ambaliya, shi ke sa gindin 'ya'yan ya yi baƙi ko su tsage.

Babbar matsalar Legas ita ce ruwan kansa. Rijiyoyin burtsatse da yawa suna da sinadarin ƙarfe. Ruwan ya fito garau, da ya sha iska ya koma ja, tsatsar ta toshe hudoji. Ka bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a wani mazubi, ka tsiyaye na sama. Ka rufe durom don rana na haifar da gansakuka, ka wanke matata duk mako, ka buɗe ƙarshen tiyo ruwa ya kore datti sau biyu a wata. A unguwannin bakin teku ka ɗanɗana ruwan: in da gishiri-gishiri, farin ɓawo zai taru a gefen danshi, bakin ganye ya ƙone. Gara ka gauraya shi da ruwan sama da ka tara.

Furannin ado masu jure fari kuwa, a ba su layinsu daban, sau ɗaya a mako. A Legas yawan ruwa ya fi kashe su. Da damina ta kankama a Mayu ka rufe famfon, ka ɗaga fangali yadda ruwa ba zai kwanta ba, sai in sama ta ɗauke a Agusta ka sake buɗewa.