Darasi na 9: Idan Furen Riɗi Ya Koma Ganye

Riɗi yakan fara fure wajen mako biyar zuwa shida bayan shuka. A lokacin ne manomi zai iya ganin wasu tsirrai da suka bambanta da sauran. Inda ya kamata farin fure ya fito, sai a ga tarin ƙananan ganyaye kore shar. Gaɓoɓin kara sun gajarce, rassa sun cunkushe a sama. Irin wannan tsiro ba ya yin kwanso. Idan ma ya yi, sai ya tsage babu 'ya'yan kirki a ciki. An san cutar a Indiya da Iran da Sudan da Burkina Faso da Najeriya.

Me ke kawo ta?

Wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira fitofilazma. Ƙanƙantarta ta kai a jera dubu ba su cika milimita ɗaya ba. Tana zaune ne can cikin jijiyoyin da ke ɗauko ruwan abinci mai zaƙi daga ganye zuwa sauran jikin tsiro. Shekara da shekaru ana zaton bairos ce, sai a 1967 masana a Japan suka hango ta da madubin bincike mai ƙarfi.

Yawancin ƙwayoyin cutar da aka sani, likita ko malamin bincike yakan ɗiga su a faranti mai abinci, su hayayyafa, sannan ya gwada musu magani. Fitofilazma ta ƙi. Har yau babu tabbatacciyar hanyar renon ta ita kaɗai a ɗakin gwaji. Saboda haka masana suka bi ta wata ƙofa: suka tatso DNA daga tsiro mai ciwo, suka ware na ƙwayar daga na tsiron, suka karanta. DNA shi ne rubutun gado da ke cikin kowane mai rai. A 2004 aka gama karanta na wata fitofilazma da ke cutar da albasa a Japan. Haruffansa ba su kai miliyan ɗaya ba, alhali na bakteriyar hanji da aka fi yin bincike a kanta sun haura miliyan huɗu da rabi.

Wannan ƙarancin shi ya tona asirinta. Ta rasa yawancin umarnin da ƙwaya ke buƙata don haɗa wa kanta abinci. Cima-zaune ce, sai abin da tsiro ko ƙwaro ya dafa. Shi ya sa ba ta rayuwa a faranti, ba ta kuma rayuwa a ƙasa ko a ruwan ban-ruwa. A 2014 kuma masu bincike a Ingila da Japan suka nuna cewa tana sakin wani sinadari da ke lalata abin da ke sa tsiro ya yi fure, sai ganye ya maye gurbinsa. Ke nan ba yawan taki ba ne, ba kuma sharrin iri ba.

Yadda take shiga gona

Wani ɗan ƙwaro mai tsalle, ruwan ƙasa, mai tsawon wajen milimita uku, shi ke ɗaukar ta. Yana maƙalewa a bayan ganye yana tsotsa. Idan ya sha daga tsiro mai ciwo, ƙwayar takan ɗauki mako biyu ko fiye tana yaɗuwa a jikinsa har ta kai miyaunsa. Daga nan duk tsiron da ya soka zai iya kamuwa, har ƙarshen rayuwar ƙwaron. Tsiron ma yakan yi makonni kafin alama ta fito. Abin da ka gani yau a fure, tun riɗin yana ƙarami ya shiga. Da rani kuwa ƙwayar tana fakewa a wasu ciyayi da riɗin da ya tsiro da kansa a gefen gona.

Abin da za ka yi

1. Kafin shuka, nome ciyawar gefen gona, ka tuge riɗin bara da ya sake tsirowa.
2. Nemi shawarar malamin gona a kan maganin ƙwari da ake cuɗa iri da shi, irin mai imidakilofirid. Yana kare tsiro a makonnin farko, lokacin da kamuwa ta fi ɓarna. Bi ma'aunin da ke jikin takarda, ka sa safar hannu.
3. Da fure ya fara, zaga gona sau ɗaya a mako, kunya-kunya.
4. Tsiron da ya nuna alama, tuge shi da saiwarsa, sa shi a buhu nan take, ka binne ko ka ƙone a wajen gona. Idan ka yar da shi a kwari, ƙwarin da ke kansa za su koma kan masu lafiya.
5. Ku shuka a lokaci guda da maƙwabta. 

Inda kuɗi ke salwanta shi ne feshi bayan fure ya riga ya lalace. Maganin funfuna ba ya taɓa wannan ƙwaya, maganin ƙwari kuma ƙwaron da ke ɗaukar ta kawai yake kashewa. Tsiron da ya kamu ba ya warkewa. Mutane da yawa suna barinsa don sun ga ya fi kowa kore, ga shi kuwa babu ko tiya da zai ƙara.

Idan ana son tabbaci

Maganin ciyawa da iska ta kwaso yakan murɗe ganye, amma yakan shafi ɓangare guda na gona gaba ɗaya. Fitofilazma kuwa ɗaiɗai take kamawa, nan da can. Gwajin DNA ne kaɗai ke yanke hukunci. Yanki reshe ɗanye mai alama, ka sa a leda mai tsabta, ka rubuta sunan gari da ranar yanka. Kada ya sha rana, domin ruɓaɓɓen ganye ba ya gwaduwa. Ba wa malamin gona a ranar. A Najeriya, cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja ce ke da alhakin binciken riɗi.

Aiki

Zaɓi wuri biyar a gonarka. A kowane wuri ƙirga tsiro 20 a jere, ka rubuta nawa ne furensu ya koma ganye. Haɗa jimla, shi ne kason da ya kamu cikin ɗari. Sake ƙirgawa bayan kwana bakwai, ka kawo lissafin biyu aji.