Darasi na 9: Yadda Ake Gane Dangin Tsiro

Kama da wane ba ta wane. Akwai wani tsiro da ake kira saikad, wanda in ka hango shi sai ka rantse ɗan dabino ne. Ba su haɗa kaka ba. Saikad ba ya fure. Wani abu mai kama da abarba yake fitarwa a tsakiyar ganyensa, can 'ya'yan suke. Kada a kai su baki, suna da guba.

Saikad ya haura iri 300 a duniya. Ɗaya daga ciki, Encephalartos barteri, yana fitowa a Nijeriya da Benin da Togo da Ghana, har a duwatsun Filato.

To, yaya masana ke sanin wanne ne ɗan'uwan wanne, tunda ganyen kan yaudari ido? A da, mutum kan dubi tsagen fuska ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Tsiro ma yana da tasa alamar, sai dai ba wanzami ya yi ta ba, gadonta ya yi. Tana cikin ƙwayoyin halittarsa da ake kira DNA.

Ana yanko ɗan ganye, bai kai farce ba, a busar, a niƙa, a tace. Sai na'ura ta karanta wani ɓangare na DNA ɗin, ta rubuta shi da haruffa huɗu kacal: A, C, G, T. Ana jera na wannan tsiro a ƙarƙashin na wancan. In bambancin kaɗan ne, dangantaka ta kusa ce. In ya yi yawa, an daɗe da rabuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken da masaniyar tsirrai Nathalie Nagalingum da abokan aikinta suka wallafa a 2011. An daɗe ana cewa saikad ɗin yau ragowar zamanin dinaso ne, wato dabbobin nan masu kama da manyan ƙadangaru da suka ƙare tun tuni. DNA ya nuna cewa zuriyar tsohuwa ce ƙwarai, amma ire-iren da ke raye yanzu ba su wuce shekara miliyan 12 ba, wato sun fito ne can bayan ƙarewar dinaso.

Aikin aji

Ga misali da muka tsara don gwaji. Ku kwafa a littafinku, harafi ƙarƙashin harafi:

Tsiro na 1: A C G T T A
Tsiro na 2: A C G T C A
Tsiro na 3: A T G A C G

Ku ja layi a duk inda haruffa suka saɓa, ku ƙirga. Waɗanne biyu ne suka fi kusa?